Shekarar da Babanku Ya Koma Faransanci

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ya ara mini kwana har na ga jikokina suna yi mini dariya. Wannan babi na zauna rubuta shi ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, wai Babanku ne ya koya mini Faransanci tun yana zuwa zance wurina. Ban san wanda ya ƙirƙiro ta ba, amma ina zargin ɗana Abdurrahman, don shi ne mai son ƙara wa labari gishiri. To, ba haka aka yi ba. A zamaninmu wane irin zance? Kafin a ɗaura mana aure ta kafar labule kawai na leƙa shi, kuma abin da na gani bai wuce takalminsa da gefen rigarsa ba. Ɗan Faransancin da kuke ji a bakina na koye shi ne da furfura a kaina, a wurin wata mai lalle, a shekarar da aka so a ɗauke mini Babanku a kai shi Damagaram.

Ni 'yar unguwar Ruwais ce ta Jidda, nan aka yanke cibiyata. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratso Sudan, ya hayo jirgin ruwa ya sauka a tashar Jidda, ya yi hajjinsa bai koma ba. Shi ya sa mu muke da takardar 'yan ƙasa, kuma ni ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, sai dai na ji ta a bakin Inna. Babanku kuwa da ƙuruciyarsa ya zo daga Damagaram. Ya yi lakkwal a can, wato makarantar boko irin ta Nijar, don haka ya samu aiki a wani kamfanin dakon kaya a tashar jiragen ruwa, inda ake neman wanda zai yi magana da matuƙan da ba sa jin Larabci. Duk tsawon zamansa a kan iƙama yake, wato takardar izinin zaman baƙo, ƙarƙashin kafilinsa mai kamfanin, wanda ya tsaya masa, ana sabunta masa ita muddin yana aiki. A gida da ni da Inna Hausa yake yi, da ku Larabci, don kun taso kuna jin Hausa kuna amsawa da wani yare. Faransancin nasa ne shi kaɗai. Da shi yake sauraron rediyo, da shi yake ƙunƙuni idan mota ta ƙi tashi. Ni kuwa tsokanarsa nake, in ce masa wannan yare na masu mura ne, duk ta hanci yake fita. Har yau ina nan a kan bakana.

Dole in gaya muku irin tarbiyyar da Inna ta yi mini, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Ku yanzu mace ta kira mijinta da sunansa a gaban kowa, har ta ɗora masa hannu a kafaɗa. Mu ba haka muka tashi ba. Kakanninmu sun baro gida da kunyar gida a ƙulle, kuma da suka ga sun yi nisa sai suka ƙara mata ƙulli, har waɗanda ke zuwa daga can sukan ce mun fi su. Ban taɓa faɗar sunan Babanku ba. Ban taɓa faɗar sunan yayarku ba, don ita ce ta fari. Kalmar nan ta "mijina" kuwa Inna ta ce ta marasa kunya ce, mace mai mutunci "maigidan" take cewa, ko ta ce "shi", kowa ya gane. Sama da duka akwai wan miji. Ba a zama a gabansa, ba a haɗa ido da shi, ba a sa baki idan yana magana. A durƙusa a gaishe shi daga bakin ƙofa, a ajiye abin da aka kawo, a fita. Shekara talatin da ɗoriya haka na yi, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba.

Wata ranar aiki da hantsi aka bugo mana daga tasha cewa Babanku ya faɗi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, wanda Larabawa ke ce wa jalɗa. Ɓarin dama ya tafi, bakin ya karkace. Da ya farfaɗo a asibiti ina zaune kusa da gadon, ya dube ni, ya buɗe baki da ƙyar, sai ga Faransanci. Na ɗauka ruɗewa ce. Na ce masa sannu, ya sake amsawa da Faransanci. Abdurrahman ya gwada shi da Larabci, haka nan. Likitan ya zaunar da mu ya ce ciwon yakan yi haka, mutum mai harsuna da yawa sai ɗaya ya dawo masa sauran su maƙale, kuma ba wanda zai iya cewa za su dawo ko ba za su dawo ba. Fatiha tana nan a bakinsa cif, salla ba ta ɓace masa ba, alhamdu lillahi. Amma ruwan sha bai iya roƙa da Hausa ba. Yana ɗan fahimtarmu idan mun yi a hankali, sai dai amsar ta yaren masu mura take fitowa, ita ma a gutsuttsure.

Da muka dawo gida na san wahala. Ba wahalar ɗagawa da wanki nake nufi ba, wannan aikina ne. Wahalar ita ce ya faɗi kalma ya maimaita, in kawo matashi, ya girgiza kai, in kawo shayi, ya girgiza kai, in kira ku, ku ma ku tsaya kuna kallonsa. Daga nan sai ya juya fuskarsa bango. Mutumin da idan ya fara ba da labarin jirage sai an roƙe shi ya bari a ci abinci, shi ne ya koma kwana da wuni bai ce uffan ba. Nakan shiga kicin in kunna famfo in yi kukana. A ɗaki na gaba kuma ga Inna, kakarku da kuke kira Sitti, ta daɗe ba ta tashi, ni ce hannunta ni ce ƙafarta.

Ana cikin haka kafilinsa ya zo duba shi. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce iƙamar tana nan har ƙarshen shekara, amma bayan nan ba zai iya sabunta wa wanda ba ya aiki ba. Hanya biyu ce: ko a mayar da shi ƙarƙashin wani kafili, kuma tunda ni 'yar ƙasa ce ana iya mayar da shi ƙarƙashina, ko a buga masa fita ta dindindin, wadda in an buga ta dawowa sai wani ikon Allah. Labari ya kai Damagaram. Yayansa Alhaji Illa, tsohon malamin makaranta, ya bugo waya ya ce zai zo umra a watan Sha'aban, kuma da ƙaninsa zai koma. Ni dai na san ba zan iya bin su ba, don ba zan bar Inna a kwance ba. Idan ya tafi, shi ke nan, mun rabu da rai.

Allah ya kawo Madam Hadiza a daidai wannan lokaci. 'Yar Maraɗi ce, ta zo umra ba ta koma ba, tana zaune a wani ɗaki can wajen Bagdadiyya tana yi wa amare lalle. Maƙwabtanmu suna da biki, ta ji an ce akwai ɗan Nijar ba shi da lafiya, sai ta shigo dubiya da hannunta duk baƙin lalle. Ta gaishe shi da Hausa daga bakin ƙofa. Ya yi irin maganar tasa. Sai na ji ta amsa masa da yaren. Na ga Babanku ya ɗago kai da sauri, idonsa ya cika da ƙwalla, ya dinga jero kalmomi kamar wanda ake shirin ƙwace masa su. Ta juyo gare ni.

"Hajiya, cewa ya yi a buɗe mishi taga wadda ke kallon teku. Kuma shayin ya cika sukari, tun da ya dawo asibiti yake son hwaɗa miki."

Na buɗe tagar. Na yi murna, amma ba zan ɓoye muku ba, raina ya sosu. Baƙuwa ta shigo yanzu-yanzu ta san abin da ke damunsa, ni da na tsufa a ɗakinsa ina ta ɗura masa sukari. Da za ta fita na bi ta har bakin matakala na riƙo mayafinta.

"Madam, ki koya mini."

"Mi zan koya miki?"

"Yaren nan. Ko ruwa da magani da matashi ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta yi dariya.

"Bon. Ruwa da magani zan ba ki su yau ɗin nan, ba su da wuya. Amma ruwa ai shina iya nuna shi da hannu. Abin da ba a nunawa da hannu shi za ki koya. Ni kafin in zama mai lalle, a meri na yi aiki, ofishin da ake rubuta aure. Duk auren da aka rubuta a gabana aka yi shi. Daga nan za mu fara, don nan na fi ƙarfi."

Haka muka fara. Takan zo bayan la'asar idan ba ta da amarya, mu zauna a ɗakin Inna, tana kwaɓa lallenta tana ba ni kalma ina maimaitawa. Ba mu rubuta komai ba, da ka na riƙe su kamar karatun allo. Ta ce aure shi ne *mariage*. Wadda aka sa wa rana *fiancée*. Wanda bai yi aure ba *célibataire*, wannan ta ba ni wahala, har yau idan na faɗe ta sai na huta a tsakiya. Sadaki *la dot*. Mata *femme*, ana faɗarta "fam". Miji kuma *mari*.

Inna daga kan gado ta ce, "Mari? Allah ya raba mu da auren mutanen nan."

Madam ta ce, "Inna, ke kuma a wurin surukinki *belle-mère* kike. Ma'anarta kyakkyawar uwa."

Inna ta gyara ɗankwali, ta ce, "To, ashe suna da ɗan hankali."

Daga ranar duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta gaya masa ita belmer ce. Madam ta koya mini cewa wan miji da ƙanin miji duka *beau-frère* ne. Ta ce akwai kalmomin gida akwai na ofis. A gida mutum ya ce *ma femme*, matata, mace ta ce *mon mari*, mijina. Amma ranar da aka tsaya a gaban magajin gari da shaidu, *époux* da *épouse* ake cewa, kuma sai an karanta musu cewa kowannensu yana da haƙƙin taimako a kan ɗan'uwansa, da lafiya da rashinta. Takan miƙe tsaye ta rataya mayafinta a kafaɗa kamar ɗamarar magajin gari, ta ƙanƙance ido ta kwaikwayi muryarsa, mu yi ta dariya har Inna ta ƙware. Wannan ce dariyar farko da aka yi a gidan tun faɗuwar Babanku.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda *mon mari* ta fita daga bakina ba tare da wani nauyi ba, a gaban Inna kuwa. Ma'anarta ɗaya da wadda aka hana ni, na sani, Inna ma ta sani. Amma ba da ita aka yi mini faɗa ina yarinya ba, ba a taɓa harararta a gabana ba. Na ce ta, na sake cewa, ban ji kunnena ya yi zafi ba.

Wata rana Madam tana jero mini sauran kalmomin da suke rubutawa a ofishinsu, ta ce akwai ta wadda aka saka, *divorcée*, akwai kuma ta wadda mijinta ya rasu. Ta buɗe baki za ta faɗa, na ɗaga mata hannu.

"Ajiye wannan."

"Hajiya, kalma ce kawai."

"Na ji. Ajiye ta, ban aike ki ba."

Ta ajiye, ba ta sake ɗauko ta ba.

Da Babanku kuwa kalmomin ruwa da magani da taga kawai nake gwadawa. Ranar da na fara miƙa masa kofi na ce *de l'eau*, ya zuba mini ido, sai kafaɗarsa ta hagu ta fara rawa. Na tsorata, na ɗauka ciwon ne ya dawo, ashe dariya yake. Ya ɗaga ɗan yatsa ya gyara mini, na sake faɗa, ya sake dariya. Ya samu aikin yi, gyaran Faransancin matar da ta shekara talatin tana zagin yaren. Amma waɗancan kalmomin na aure ban kai su gabansa ba. A ɗakin Inna suna da sauƙi, a gabansa sai in ji harshena ya yi nauyi.

Sha'aban ya kama, Yaya Illa ya iso. Ina so ku ji wannan da kyau, don na san wasunku sun riƙe shi a zuci. Yaya Illa ba mugu ba ne. Shi ya goyi Babanku, shi ya kai shi lakkwal da hannunsa. Da ya shiga ɗakin ya gan shi a kwance, dattijon nan sai da ya dafa bango. Ya zauna a bakin gado suka fara Faransanci, kuma wallahi ban taɓa ganin Babanku ya sake haka ba tun da ya faɗi. Har bayan azahar ina jin muryarsa ta bayan ƙofa. Na tsaya a kicin ina tunanin ko son kaina nake yi.

Washegari da la'asar Yaya Illa ya ce a taru. Aka zaunar da Babanku a kujerarsa ta falo, aka buɗe ƙofar ɗakin Inna don ta ji, 'ya'yana Abdurrahman da Usman suka zauna a ƙasa. Ni ina bayan labule wurin da na saba, ina haɗa shayi. Yaya ya yi salati, ya yi mini godiya a kan jinya, godiya mai yawa har na ji kunya. Sannan ya shiga maganar.

"Bon, Inna, ku gafarce ni. Mutum ba abinci da magani kaɗai yake buƙata ba. Kun ga yadda ya yi jiya. A Damagaram ko yaron da ke sayar da goro zai ji abin da yake cewa. Nan kuwa yana cikin iyalinsa amma a kurkuku yake. 'Ya'yansa ba su ji, maiɗakinsa ba ta ji. Sannan an ce mini wai sai dai a mayar da shi ƙarƙashinta, mace ta zama kafilin mijinta. Wannan in yana da baki ba zai yarda ba. Ku ba ni ƙanina in kai shi inda za a ji shi."

Inna ta ce daga ɗaki, "Alhaji, ɗan'uwanka ne, ka fi mu iko da shi."

Abin da ya kamata suruka ta faɗa ke nan, ko da ba haka ne a ranta ba. Abdurrahman ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ya ammi, kalamak sah, maganarka gaskiya ce. Mu ba ma gane shi." Yaya ya ɗaga murya kaɗan ya fuskanci labule.

"Hajiya, kin ji abin da muka ce. Ko akwai magana?"

To ga inda abin yake. Ni a tarbiyyata ba a amsa wa wan miji, shiru ake yi. Shi kuma a tarbiyyarsa, wadda ita ce tawa, idan babba ya yanke magana aka yi shiru, an yarda ke nan. Na buɗe baki in ce wani abu da Hausa, ko "a yi haƙuri" ce, wallahi ba abin da ya fito. Duk kalmar da na ɗauko sai in ga idon Inna a kanta. Larabci ma haka, don da shi aka yi mini rabin faɗan. Na ji Yaya ya ce, "To alhamdu lillahi. Abdurrahman, gobe sai mu je wurin mai kamfanin, halas, shi ke nan." Na ji ana shirin shafa fatiha.

Ban san lokacin da na ɗauki tiren shayi na ɗaga labule ba. Ban durƙusa a bakin ƙofa ba. Na shiga har tsakiyar falo, na tsaya kusa da kujerar Babanku, na dubi Yaya Illa a ido, abin da ban taɓa yi ba.

"*Beau-frère*," na ce. "*C'est mon mari. Je suis son épouse. Il reste ici.*"

Wato, wan mijina, wannan mijina ne, ni ce matarsa ta aure, nan zai zauna. Rabin ƙarshen daga kalmomin jinya na haɗo shi, don nakan ce masa ya zauna nan idan zan shiga kicin. Na zaɓi *épouse* da gangan, ta gaban shaidu, don shaidu ne a gabana.

Usman ya saki baki. Daga ɗaki na ji Inna ta ce, "Innalillahi, 'yar nan." Yaya Illa ya cire tabarau ya mayar. Sai na ji an kama gefen mayafina. Babanku ne da hannunsa na hagu. Kafaɗarsa tana rawa irin ta dariyar nan, amma hawaye na bin kumatunsa. Ya ce, "*Ma femme*," wannan na ji ta sarai. Sannan ya fara wata doguwar magana, yana tsayawa, yana neman kalma, yana komawa baya. Ba wanda ya katse shi. Da ya gama, a duk falon nan mutum ɗaya ne ya ji abin da ya ce, kuma shi ne mutumin da ya zo ɗaukarsa. Da ya so, da ya fassara abin da ya ga dama, ba mai ƙaryata shi. Yaya ya fara fassara mana.

"Ya ce," sai ya tsaya ya gyara murya. "Ya ce shekara talatin yana jiran ya ji ta faɗi haka, sai da ya faɗi ƙasa tukuna. Ya ce da ya san abin da ake jira ke nan, da ya faɗi tun da sauran ƙarfinsa." Ya ɗan yi murmushi. "Ya ce kuma kafili, ai dama ita ce, takarda ce kawai ba a yi ba. Ba za shi ko'ina ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi daga tiren da har lokacin ke hannuna, ya kurɓa, ya ce, "Hajiya, wa ya koya miki?" Faransancina ya ƙare, kunyata ta dawo, na ajiye tire na fice.

Abin bai tafi kyauta ba. Inna ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole, ta ce na tsaya a kan wan miji kamar 'yar sanda. Sai daga baya ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Gara da kika yi da yarensu." Matan unguwa suka laƙaba mini Kafila, har yau akwai masu kirana haka. Yaya Illa ya koma shi kaɗai, kuma na san da ciwo ya koma, duk da bai taɓa nuna mini ba. Babanku bai sake ganin Damagaram ba. Ƙanwarsu ta rasu bai je ba, Yaya ma ya rasu bai je ba, don jikin ba ya ɗaukar tafiya. Ranar da aka bugo rasuwar Yaya na ga yadda ya zauna gaban tagar nan har magariba, na san akwai hannuna a wannan, kuma na ɗauka. Ku riƙa sa Alhaji Illa a addu'a. Mutumin da ya fassara gaskiya alhali ita ce za ta raba shi da ƙaninsa, ba a manta shi.

Madam Hadiza ta ci gaba da zuwa har Babanku ya fara tsintar Hausarsa kaɗan-kaɗan. Ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba sai abinci, shi ma sai na yi da gaske. Bayan nan aka yi kamen marasa iƙama, aka haɗa da ita tana dawowa daga gidan biki, aka mayar da ita Maraɗi. Ban samu na yi mata sallama ba. Mun ci gaba da gaisawa a waya, kuma duk sanda ta kira, gaisuwarta ta farko ita ce, "Hajiya, ina *époux*?" Allah ya saka mata da abin da ya fi abin da ta yi mini.

Hausarsa ta dawo wajen rabi, Larabcin ya fi jinkiri. Ya ƙara shekaru masu albarka a gidan nan, ya ga auren Usman, ya yi wa jikoki huɗuba a kunne, ya sha shayinsa ba sukari a gaban taga. Amma ko da ya iya cewa "maiɗakina" bai koma mata ba. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna ni da hannun hagu ya ce *ma femme*, ni kuma in ja mayafi in bar wurin. A hannuna ya cika, a ɗakinsa, a Ruwais, kuma na gode wa Allah da bai sa na ji labarin a waya ba.

Kwanakin baya 'yar Usman, wadda ake koya musu Faransanci a makaranta, ta sa ni a gaba wai in jero mata abin da na sani. Na jero mata tun daga *fiancée* har *belle-mère*, tana ta dariyar yadda nake faɗa. Sai ta ce, "Sitti, saura ɗaya, ta wadda mijinta ya rasu. Bari in duba miki." Ta ɗauko waya. Na ɗora hannuna a kan wayar na ce ta ajiye. Ku ma da kuke karanta wannan, kada wanda ya zo ya gaya mini. Na yi takabata da Hausa, na karɓi gaisuwa da Larabci, waɗannan sun san abin da ya same ni. A Faransanci kuwa inda Madam ta tsaya nan na tsaya, kuma a can har yanzu ni *épouse* ce.